Zuma ga malami mai tari

Shekarar korona aka rufe jami'a, autanmu ya dawo gida Tsarnawa da jakarsa da wayarsa. Darasi ya koma zuwa ta waya: malami ya yi magana, a turo muryarsa. Da aka buɗe, kowa ya koma, ban da shi. Ya ce abokansa na ɗaukar masa muryar malamai, me zai je yi cikin zafin aji? Aka aiko cewa in zangon nan ya wuce ba a gan shi ba, za a cire sunansa. Ya ce haka suke faɗa kullum.

Karatun nasa kuwa na gani da idona. Bayan azahar zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya kunna darasi, ya ɗora wayar a ƙirji. Kafin malami ya gama gaisuwa, ɗalibi ya yi nisa a barci.

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ke zaune gefe yana tufkar igiya, shi ke jin darasin har ƙarshe. Da Faransanci ake darasin, shi kuwa ko kalma ɗaya bai sani ba. Amma cikin malaman akwai wani mai tari, kuma tarin nan ya dame shi. Sai ya shigo ya ce mini yau mutumin nasa da sauƙi, ko kuwa yau abin ya sauka ƙirji. Na ce ya ƙyale tarin baƙo ya yi wa ɗansa faɗa. Ya ce ya ji.

Bai yi faɗan ba. Ran kasuwa ya sayo kwalbar zuma, ya haɗa da citta da kanumfari, ya tashe yaron.

"Auta, bawan Allahn nan kullum yana zaurena yana wahala, ni kaɗai ke sauraronsa. Kai masa wannan hannu da hannu, ka ce ina gaishe shi da jiki."

Yaron ya ce a ba direba. Uban ya ce direba bai san shi ba. Nan ta fito cewa shi ma autan bai san fuskarsa ba, ko sunansa bai riƙe ba.

"To, shiga ajin ka zauna. Wanda ya yi tari, shi ne."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Ashe ana fama da mura a can, malamai duk tari suke yi. Haka ya yi ta bin aji da kwalba cikin jaka, yana kasa kunne. Da ya gano mutumin, malamin ya karɓa gaban kowa, ya sa masa suna mai zuma, ya zaunar da shi a gaba. Daga ranar, in bai zo ba sai an tambaya.

Uban bai ga daminar shekarar ba. Yaron yana can, ba a cire sunansa ba. Na sa yana turo mini darasin, nakan kunna a zaure, kusa da igiyar da ba a gama ba. Tarin ya yi sauƙi sosai. Ba ni da wanda zan shiga in gaya wa.