Direban da Yake Kai 'Ya'yansa Barci

Ina kan keken ɗinki ranar Talata da hantsi, ina haɗa wuyan wata riga, wayata ta yi ƙara. Tabita ce, ƙanwar abokina Ɗanladi. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Malam Shehu, Yaya ya tafi." Na ce ina ya tafi, kamar ba ni na baro shi a gadon asibiti jiya da yamma ba. Sai ta fashe da kuka. Ban iya ƙarasa wuyan rigar nan ba, har mai ita ya gaji ya zo ya karɓi kayansa.

Ɗanladi Tanko mutumin Kudancin Kaduna ne, direban adaidaita sahu tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Shekara goma sha shida muka yi a gidan haya ɗaya, ƙofarsa tana kallon tawa. Ni masallaci, shi coci, kwanon tuwo kuwa ɗaya. Matarsa ta rasu wajen haihuwar autarsu, ta bar masa uku: Comfort, Bulus da Gloria.

Yaran nan, Allah ya raya su, ba su san gajiya ba. Da magariba ta yi sai su ƙara wuta. Bulus ya fito daga bahon wanka tsirara, kumfa a kai, ya bi kajin maƙwabta da gudu. Comfort ta sa wandon barci a ka ta ce ita amarya ce. Gloria kuwa ɓuya take yi, yau bayan randa, gobe cikin kwandon wanki, wata rana ƙarƙashin teburin yankana.

Saboda haka Ɗanladi yake ajiye adaidaita tun kafin magariba, daidai lokacin da fasinja suka fi yawa a titi. Wannan ne ya zama abin nishaɗin 'yan majalisar ƙofar gidanmu. In ya wuto da bokiti, Sani mai shayi ya ɗaga murya, "Inna Ɗanladi, kin manta zaninki!" Sauran su kwashe da dariya. Manya-manyan magidanta ne fa, waɗanda in ka tambayi ɗayansu ajin da ɗansa yake a makaranta sai ya buga wa matarsa waya. Shi kuwa sai ya ce, "Sani, zuba mini shayi, in na gama shayar da su zan dawo," ya shige abinsa.

Abin da yake yi a ɗakin nan na ji shi ta tsakar gida sau ba adadi. Gado shi ne adaidaita, filo shi ne sitiyari. Ya zauna a bakin gado ya fara kiran fasinja, "Tarauni! Daurawa! A zo a hau!" Kuɗin mota shi ne ka nuna haƙora a goge, ƙafafu a wanke. Wanda bai biya ba direba ya sauke shi. Comfort da Bulus su hau, Gloria tana maɓoyarta. Bai taɓa tashi nemanta ba. Sai ya ce, "Saura mutum ɗaya!" har sau uku, sannan ya tada inji da bakinsa. 'Yan'uwan su hau ihu, "Direba tsaya! Akwai fasinja!" Sai ga ta da gudu ta faɗa cinyarsa. Ya soke gidan sauro, ya kama hanya yana kiran tasha, muryarsa tana ƙara yin ƙasa: Unguwa Uku, Kwanar Dangora, Zariya, Kaduna, Kachiya. Garinsu yake kai su kullum, kuma ba a taɓa isa da mai ido biyu ba.

Ranar jana'iza 'yan majalisa suka zo da manyan riguna. Da kunnena na ji Sani yana gaya wa baƙi cewa bai taɓa ganin uba irin Ɗanladi ba. Na dube shi, ya duƙar da kai yana gyara hula.

Yayan marigayin, Nathaniel, babban ma'aikaci ne mai gida da tayil a Tarauni. A shekara uku na maraicin yaran nan bai taɓa wanke wa ɗayansu ƙafa ba, amma shi ya kwashe su bayan an binne uban, yana cewa yanzu za su ga tarbiyya. Daren farko ya kunna musu katun a talabijin, suka ƙi barci. Na biyu ya fito da bulala, Bulus ya gudu ya fasa masa gilashin tebur. Na uku ya janyo Gloria daga bayan labule da ƙarfin tsiya, ta yi kuka har ta yi amai a kan kafet ɗinsa mai tsada.

Washegari ya tara dangi ya yanke hukunci. Wai Ɗanladi ya lalata su, ba mai iya riƙe su a haɗe. A kai Comfort ƙauye, shi ya riƙe Bulus, Tabita ta ɗauki Gloria. Haka ya raba su yana duba agogo, kamar mai rabon naman watanda.

Tabita malamar firamare ce, ɗaki da falo gare ta a Daurawa. Ta ce a ba ta duka ukun. Ya yi dariya ya ce, "Ni da gida guda na kasa, sai ke? Ki kwantar da su dare ɗaya ba kuka, na bar miki su." Har ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Ta kira ni. Na je bayan sallar isha'i, na tarar da Nathaniel a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bulus yana tsalle a kan kujera, Comfort tana kuka, Gloria ta ɓace. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na ɗauki filo. Na fara kiran fasinja. "Tarauni! Daurawa! A zo a hau!"

Gidan ya yi tsit. Comfort ce ta fara zuwa, ta buɗe baki ta nuna mini haƙora. Bulus ya ɗaga mini tafin ƙafa. Na ce saura mutum ɗaya sau uku, na tada inji. Comfort da Bulus suka hau ihu, "Kawu direba tsaya!" Gloria ta fito daga bayan buhun shinkafa.

Kafin Kaduna duk sun yi barci. Tabita tana bakin ƙofa tana haddace tashoshin, hawaye yana zuba. Nathaniel ya ɗauki makullin motarsa, ko sallama bai yi ba. Yaran suna Daurawa har yau, su ukun, a gado ɗaya.

Abin da yake cina shi ne, wannan aikin Ɗanladi ya roƙe ni in yi ranar Litinin ɗin da na baro shi a asibiti, ban je ba. A lokacin yaran suna wajen Tabita kwana biyu, ya ji labarin ba sa barci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Shehu, ka leƙa su yau. In Gloria ta ɓuya kar ka neme ta, ka kira sau uku ka tada inji."

Na ce, "Ni tela ne, ina na iya tuƙi? Ka warke ka zo ka yi abinka."

Ya yi murmushi ya ce, "To, tela. Amma in ka yi, kar ka yi gudu bayan Zariya. A nan Bulus yake fara lumshe ido."

Na ce, "Na ji. Sai da safe, direba."