Koren da Muka Haɗa a Turba

Ko na manta da duk bangon da na taɓa shafa wa fenti a rayuwata, koren da na haɗa a Turba a shekarun fari ba zai fita daga raina ba. Har yau in na tuna, sai tsikar jikina ta tashi.

Lokacin ina aikin fenti a Sabon Birni, kuma ina ji da kaina, don ni ke zana zaki a bayan motocin kasuwa, ko da yake 'yan hassada na cewa zakin nawa ya fi kama da bunsuru. Damina ta yi ta gardama. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, dabbobi na faɗuwa a bakin hanya, duk inda ka duba ƙasa ce tsirara da busassun itatuwa. A haka wani alhaji a Turba ya aiko in je in shafa wa ƙofar zaurensa kore. Na zagaye kasuwa ban samu koren fenti ba, sai na sayi shuɗi da rawaya da ɗan ja, tunda kowane mai sana'ar ya san daga shuɗi da rawaya kore ke fitowa.

Ina tsugune a bakin zauren ina juya haɗin da kara a cikin gwangwani, sai inuwa ta rufe ni. Wani tsohon Bafulatani ne, dogo, ramamme, sanda a kafaɗa. Sam ban ji tahowarsa ba. Ko kallona bai yi ba, idonsa na cikin gwangwanin.

"Wagga tsanwa ta yi duhu," in ji shi. "Ta ƙarshen damana ta. Ƙara rawaya."

Na so in ce masa kowa ya tsaya a sana'arsa, amma furfurarsa ta hana ni. Na ɗiga rawaya, ya ce ƙara. Da haɗin ya yi haske da yawa ya sa na tsoma tsinke a shuɗi, ni kuma na sa ɗigon ja don ya kashe ƙyallin. Muna cikin haka sai ya cafke wuyan hannuna. Duk zafin ranar nan, hannunsa sanyi ƙalau.

"Tsaya nan. Hakin da ka hitowa bayan ruwan hwarko ke nan."

Na duba, wallahi ciyawa ce sabuwa, irin wadda ni kaina na fara manta kamanninta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, in ka ƙare, ba ni ragowar."

"Mi za ka yi da ita, Baffa?"

"Nagge ta ƙi cin kara."

Nan take na gane saniyarsa yake nufi, kuma na ɗauka so yake ya shafa wa busasshen kara fentin don ta ci. Na ce, "Baffa, fenti guba na. In tal lasa, ba ta kwana." Ya juya ya tafi. Alhajin ne ya gaya mini cewa da, in garken tsohon nan zai tsallaka hanya, sai motoci su tsaya su jira. Yanzu saniya ɗaya ta rage masa, tana kwance a bayan gari ta kasa tashi.

Na gama ƙofar, na tafi sallar azahar. Da na dawo, babu gwangwanin. Hankalina ya tashi, don saniyar nan ita ce duk abin da ya rage wa bawan Allah. Na tambayi inda yake zaune na kama hanya.

Ban yi nisa ba na gamu da wasu mata da suka je tonon gidan tururuwa neman tsabar hatsi, suna dawowa a guje. Babbarsu ta tare ni tana haki. "Malam, kak ka bi nan! Ciyawa ta tsiro cikin daji ba ruwa. Aikin mutanen ɓoye na!"

Na san fentina ne, amma da na hango wurin sai na tsaya cak. Babu iska, babu kukan tsuntsu, sai ɗan fili kore shar a tsakiyar ƙasar da ta mutu. Ungulaye sun jeru a ƙasa daga nesa, ba mai motsi. Sai kuma muryar tsohon, yana kiran sunayen shanunsa da suka mutu ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, yana dakatawa bayan kowane suna kamar mai jiran amsa.

Da na matso na ga abin da ya yi. Ya bi kararen da tsinke ya shafe su, ya kakkafa su a ƙasa ta gabas, nesa da inda bakin saniyar zai kai. Ita kuwa tana kwance, ƙashi da fata, ta miƙa wuya wajensu, idonta a buɗe. A gefensa akwai wuƙa.

"Ban ba ta ba, ɗana, na ji maganakka," ya ce. "Ba ta kai gobe, kuma ba ni barin ta ta zan mushe ga mutane na jin yunwa. In na juya ta gabas, ni ka son ta tai tana kallon damana. Kama mani ƙahonin."

Na kama, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya shafa goshinta, ya faɗa mata wata magana a kunne, ya yi bisimilla. Sai ya yanka ta. Kafin magariba ya rarraba naman gida gida, shi bai sa ko tsoka a bakinsa ba.

Na fita ranar nan da gudu ina zaton zan hana wanda baƙin ciki ya zautar yin ɓarna, sai na tarar ya fi ni natsuwa. Tun daga nan, in na ga wanda ya yi babban rashi yana wani abu da ya ɗaure mini kai, ba na kiransa mahaukaci. Nakan matsa kusa in tambaye shi inda zan kama masa.