Takalman Baba a Bakin Tafki

Ina shekarata ta biyu a jami'a Baba ya zo Guangzhou sarin takalma. Kafin ya taso Umma ta kira ni ta ja min kunne: "Jiri na ɗibarsa tun da hawan jinin nan ya kama shi. Kar ki kuskura ki bar shi shi kaɗai." Na ce to.

Da muka gama da kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, ni da rawar kaina na ce sai na kai shi wani ƙaramin gari ya ga tsofaffin ɗakunan ibadar mabiya Buddha da ke bakin tafki. Muna isa ya leƙa ƙofar farko, ya ga gunki zaune kansa na neman taɓa rufi, ga hayaƙin turare ya turnuƙe. Ya ja da baya.

"Uwata, shiga ki yi kallonki. Ni ina nan."

Na bar shi a kan benci, wai minti goma. Daga wannan ɗaki na faɗa wancan ina ta ɗaukar hoto kamar wadda aka aika. Ko da na fito, benci wayam.

Na waiga hagu da dama. Wayarsa da fasfonsa duk suna jakata, kuma mutumin nan ko gaisuwa bai iya da Sinanci ba. Na zaga, na kuma zagawa. Can na hango matakalar dutse da ta gangara cikin ruwa, duk gansakuka. A kanta ga sababbin takalmansa a jere, hularsa a gefe, agogonsa a ciki. Ruwan kore shar, shiru, sai kunkuru guda yana leƙowa.

Innalillahi! Na rarumi takalman na rungume ina ƙwala masa kira. Sinancin shekara biyu ya gudu daga kaina tas. Wata mai sayar da turare da na nuna wa takalman ta girgiza kai, ta ce babu. Ni kuwa muryar Umma kawai nake ji. Me zan ce mata?

Wani tsoho mai askakken kai da doguwar riga ruwan toka ya daina shara, ya dubi takalman, ya nuna min bayan wasu itatuwan gora da tsintsiyarsa.

Ga Baba a kan wani faffaɗan dutse, ya shimfiɗa rawaninsa, yana sujada. Ashe alwala ya yi, ya ƙi sa jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin sabuwar fata.

Na yi niyyar masifa, wallahi na yi. Amma da ya sallame sai na durƙusa ina sa masa takalman. A nan na ga yadda ƙafafunsa suka kumbura, na dama ma da ƙyar ya shiga.

Ya dafa kaina. "Kar ki gaya wa Ummanki," in ji shi. "Sau biyu na zauna a matakalar nan kafin na iya miƙewa."