Sunan da Baffa Ya Ƙi Kira

Jama'a, yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka ba mu jihar Taraba!

Da hantsi ne, a babban zauren kwaleji, wajen tarbar sababbin ɗalibai. Malamai suna gaba, iyaye suna baya. Ni aka ba makirufo, don na taɓa aiki a gidan rediyo.

Aka kira Hammadu, wanda ya fi kowa maki a jarrabawar shiga. Aka raɗa mini mahaifinsa, wani Bafulatani, ya zo daga garin Lau. Na janyo dattijon gaba.

Na ce, "Baffa, faɗa wa jama'a sunan ɗan nan naka, ka sa masa albarka."

Ya sunkuyar da kai.

Na ɗauka Hausar ce ta yi masa nauyi. Na ce, "Ko da Fulatanci ne, Baffa. Sunansa kawai!"

Ya dubi bango ya ce, "Allah ya taimaki yaran duka."

Na ce a lasifika, "Baffa ya manta sunan ɗansa!" Zaure ya fashe da dariya. Hammadu ya rufe fuska da hula.

Malama Rifkatu, abokiyar aikina, ta ja mini riga. "Haba Malam Bulus! Ɗan farinsa ne fa!"

Sai a lokacin na tuna. Ɗan fari, wanda Bafulatani ba ya kiran sunansa ko a cikin gida, ni na ce ya kira a gaban taro!

Dattijon bai tsaya cin abinci ba. Kafin in fito in ba shi haƙuri, ya hau motar Lau.