Tunkuna da Ɗanyen Kifin Kalgo

Shekarun baya masu nisa, tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, na taɓa kiwon tunku. Na san wasunku za su yi dariya. Ku yi, an riga ku. Duk unguwarmu a Gwandu babu wanda bai yi mini ita ba, har da mutanen da ba su taɓa riƙe kaza ta kai ga yin ƙwai ba.

Lokacin ina sabon malamin firamare, ban yi aure ba, ina zaune gidan mahaifiyata. Wani manomi da muka saba a Masama ne ya tsinci ɗan tunkun yana sharar gona, ko ido bai gama buɗewa ba. Ya rene shi da abin da ke hannunsa, wato ƙuli-ƙuli da tsakin abincin kaji na buhu. Da ya fara tasawa sai matar gidan ta ce ko tunku ko kajinta, shi ne ya miƙo mini shi cikin kwando. Na sa masa suna Dubagari, domin ba ya cin abu sai ya zagaya shi yana shinshina, yana yatsina fuska kamar zai rubuta wa mai gida sammaci.

Ƙuli-ƙulin ma ba kowanne yake ci ba. Sai na wata tsohuwa da ke bayan gidanmu. In na sayo na kasuwa ya ture shi da hanci ya tafi abinsa. Ni kuwa da wautata har alfahari nake yi da wannan, ina gaya wa abokai cewa tunkuna ya fi su sanin abinci.

Da ya kai kamar wata bakwai sai na ga ya daina tsalle ya hau kafaɗata in na dawo daga makaranta. Bayan haka ya fara jan ƙafafun baya. Na ɗaura kwandonsa a keke na kai shi wurin malamin dabbobi. Mutumin ya lallatsa bayansa, ya tambaye ni abin da yake ci, na faɗa masa da ƙarfin gwiwata. Ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Malam, wanga dabba ba kaza ta ba. Ƙashinai na ka yin laushi. Nama za ka ba shi da ƙashi cikinai, kuma ɗanye. In ka dahwa, ƙashin shina tsagewa ya soke shi. In ka ba shi tsoka zalla, aikin banza ka yi."

Na ce to, wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ban san wanda nake kiwo ba.

Ranar farko na ajiye masa wuyan kaza ɗanye. Ya zagaya shi, ya juya masa baya, ya dinga tura masa ƙasa da ƙafa har ya binne shi, sannan ya zo ya zauna gaban gwangwanin ƙuli-ƙuli yana kallona. Ban taɓa jin haushin wata halitta kamar yadda na ji nasa a makonnin nan ba. Dabbar da danginta ke can daji suna cin ɓera da gashinsa, ita ce take yi mini yanga a kan naman da ni kaina ba kullum nake samu ba. Na yi lallashi, na yi zagi, har na taɓa yin kamar ina cin wuyan kazar a gabansa ko zai yi kwaɗayi. Mahaifiyata ta leƙo ta gan ni, ta koma ɗaki abinta.

Abokina mahauci ne ya kawo dabara. Ya ce, "Tunda ƙuli ya sani, yi mai tsire mana, amma kak ka gasa." Na daka ƙuli-ƙulin tsohuwar nan na barbaɗe naman da shi. Dubagari ya lashe garin tas ya bar mini naman yana sheƙi. Sai na koma saran naman ƙanana-ƙanana, in cuɗa shi da garin yadda ba zai iya tsincewa ba. Kullum in rage gari kaɗan, in ƙara nama. In na yi gaggawa ya gane, mu koma baya. Mako shida muka yi a haka, hannuna kullum yana ƙarni, har ɗalibai suna toshe hanci in na zo duba littafinsu.

Wata ranar Juma'a da safe na ji ƙurus-ƙurus a bayana. Na waiwaya na gan shi ya danne ɗan ɗanyen kifin da na ajiye masa yana taunar kan kifin, babu ko ƙwayar gari a jiki. Na tsaya cak, ina tsoron in motsa ya fasa. Cikin wata biyu ƙafafun suka miƙe, ya dawo hawa kafaɗata.

A nan ne aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kalgo. Ɗakin da na samu, mai gidan yana da zabi da kaji cike da tsakar gida. Ya ce, "Malam, kai muna son ka, amma abin ga ba shi kwana gidana." Na ji haushinsa, amma gidansa ne. Dole na bar Dubagari wurin mahaifiyata. Ranar tafiya, jaka tana kafaɗata, na ce mata, "Inna, ɗanye za a riƙa ba shi." Ta ce, "Na ji." Iyakar bayanin da na yi ke nan. Kunya ta hana ni in zaunar da uwata ina karanta mata darasi a kan ƙashin tunku.

Na bar wa abokina mahauci sallahun wuyan kaza. A Kalgo kuma ga masunta, ga ƙananan kifi irin wanda yake so, sai na riƙa aiko da shi ta hannun wani direba da ke bin hanyar Gwandu. In ya dawo ya ce, "Tsohuwa tana gaishe ka, ta ce shina ci ƙwarai, har ya yi ƙiba." Ni kuwa in yi ta murna. Damina ta sauka, aiki ya riƙe ni, sai da na yi wata biyu da ɗori ban leƙa gida ba.

Da na dawo hutu, na same shi kwance a gefen tabarmarta, ya yi ƙiba kamar yadda aka ce. Ya ji muryata ya yunƙura zai taso, ƙafafun baya suka ƙi. Ya jawo jiki da hannuwa biyu har ya iso bakin takalmina. Ya fi yadda yake a da lalacewa.

Na ce, "Inna, mi aka ba shi?"

Ta jawo wani ɗan kwano ta buɗe mini, fuskarta cike da jin daɗi. Kifina ne na Kalgo, an dafa shi lugub, an zare kowace ƙaya. Ga tsokar wuyan kaza an yage ta daga ƙashi, ga garin ƙuli-ƙuli an barbaɗa a sama.

"Kihin da ya yini cikin mota shi za ni ba shi hakanan? Ni ka zama in tsince mai ƙaya ɗaya-ɗaya, don kas ta laƙe mai ga wuya."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Mako shida na ƙarni da dariyar mutane, duk an dafe su a tukunya. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Ɗanye nic ce miki. Kin kashe shi, Inna, da hannunki kinka kashe shi."

Ban taɓa yi mata magana haka ba tun da aka haife ni. Ta rufe kwanon a hankali.

"Ka ce ɗanye, ba ka ce don mi ba. Ni abin da ka kwana gidana ban taɓa jehwa mai ɗanyen nama ba. Amma tunda hannuna kisa shika yi, ga abinka nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara taɓa kwanonsa ba.

Na ce ai shi ke nan, na taɓa yi, zan sake. Na samo kifi, na daka gari, na koma farko. Sai dai Dubagari ya riga ya saba da hannunta. Ɗanye ya ƙi, dafaffe ya ƙi, ƙuli-ƙulin tsohuwar ma ya ƙi, muddin ni na miƙa. Sai ya ja jiki ya kwanta a ƙofar ɗakinta yana jira. Tana tsallake shi ta wuce, ina ganin ranta ba ya so, amma ba ta sunkuya ba. Na san sarai abin da ya rage: in je in durƙusa in ba ta haƙuri, in yi mata bayanin da ban yi ba tun farko. Na ƙi. Ina ganin ni ne mai gaskiya, ita ya kamata ta fara.

Kwana uku muka yi a haka, gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi kuma banda ruwa babu abin da ya shiga cikinsa. A rana ta huɗu na ɗaga shi na ji babu nauyi. Na tafi ƙofar ɗakinta na durƙusa. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata duk abin da malamin dabbobi ya ce. Bayanin bai ɗauki minti biyu ba.

Ta ce, "Shi ke nan abin? Kawo kihin."

Ta karɓi ɗanyen kifi da yatsu biyu, ta kau da kai saboda ƙarni, ta miƙa masa. Ya shinshina hannunta, ya kama. Ya ci rabi, har da ƙashi. Da ta san dalili, da tun ranar farko haka za ta yi. Amma ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Bayan kwana biyu ya mutu a kan tabarmarta, da hantsi, tana yi masa fifita.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Ni ne ban huce ba. Shekaru na yi ina ɗora mata laifi a zuciyata, ina ɗora wa mai gidan Kalgo, har direban ma ya samu rabonsa. Da na girma na duba da kyau, wata biyun da ta yi tana dafawa ba ta san illa take yi ba, ƙauna ce ta zaunar da ita tana tsince ƙaya. Kwana ukun nan kuwa na san komai. Na san ciwon, na san maganin, na san hannun da zai karɓa daga gare shi, kuma ƙofar ɗaki ɗaya ce tsakanina da mai hannun.

Har yau in na ba da labarin nan wani sai ya ce, ai tunku ne kawai. Wannan maganar tana ƙona mini rai. E, tunku ne. Amma ya kwanta a ƙofar ɗaki kwana uku da yunwa yana jiran in sauke girman kai, ni kuwa ina zaune kusa da shi ina jiran uwata ta zo ta ba ni haƙuri.