Sojan Kakata a Maƙabartar Yaba

A gidanmu na Agege babu wanda ya san kakata ta taɓa auren soja. Mu dai mun san ta matar kakanmu mahauci ce, wanda ya yi aiki a kwata har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da sayar da goronta a ƙofar gida. Ni ne babban jikanta namiji, don haka “mai gida” take ce mini, ni kuma in ce mata “amarya”, ko da yake haƙora huɗu suka rage mata, su ma goro ya rine su.

Maganar ta fito ne wani hantsi muna kallon talabijin, ranar tunawa da mazan jiya. Manya suna ajiye furanni a gaban gunkin soja, ana busa begila, ana sakin tantabaru. Ni kuwa ina ta tsaki, ina cewa da mu aka ba tantabarun nan da yau an sha farfesu. Sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, “Shi ma yana nan Legas.”

Na ce, “Wa?”

Ta ce, “Na farkon.”

A hankali na tatso labarin. Auren so suka yi a ƙauyen iyayenta, shi ɗan wani gari ne, ba su rufa shekara ba aka ɗebe shi yaƙin Bama. Jirgin ƙasa ya kawo su Legas, jirgin ruwa ya kwashe su. Ya dawo da ransa amma da ciwo, ya cika a asibitin soja a nan Legas kafin a sa su a jirgin ƙasan komawa gida. Wani abokinsa ne ya kai mata bargonsa da labarin. Da ta gama takaba ta biyo gwaggonta mai fataucin goro zuwa Agege, a ranta tana so ta ga inda aka sa shi. To, a lokacin mace ba ta zancen zuwa maƙabarta, ga shi kuma ta sake aure, ba ta da bakin da za ta ce wa miji ya kai ta kabarin wani mijin.

Na ji kunya ranar. A garin nan aka haife ni, kullum ina wuce barikin Ikeja, na san tsofaffin Obalende da ke cewa kakanninsu sojoji ne, na sha gaisawa da dattawan da ke gadi da lambobin yaƙi a ƙirji. Ban taɓa zaton abin ya shafi gidanmu ba.

Ƙafafunta sun fara gazawa a lokacin, kuma kawuna ya riga ya yanke cewa bayan Sallah zai zo ya mayar da ita Arewa. Ita ma ta san idan ta tafi ba dawowa. Ta ce, “Mai gida, kafin a tafi da ni, ka kai ni in gan shi.”

Na ce, “Lallai amarya, kin raina ni. Ni da kaina zan ɗauke ki in kai ki wurin wani?”

Ta ce, “Ai ya fi ka tsayi, ya fi ka kunya.”

Na tambayi wani tsohon soja mai gadi a Ikeja, ya ce in je Yaba, akwai wani sashe a maƙabartar inda aka kafa wa kowane soja dutse da sunansa. Na yi murna, don a tamu maƙabartar damina biyu ta isa kabari ya baje. Na dawo gida da saurina na ce mata abu ya zo da sauƙi, ta faɗa mini sunansa kawai.

Ta yi mini wani kallo kamar na ce ta cire mayafi a tsakiyar kasuwa. Ta ce, “Ka taɓa jin na kama sunan kakanka?”

Ban taɓa ji ba. “Malam” take cewa, ko “shi”. Amma sunan kakana kowa ya sani. Wannan kuwa ba su haihu ba, danginsa ba mu san inda suke ba, duk duniya ita kaɗai ta rage da sunan a ciki. Na ce ta raɗa wa matata. Ta ƙi. Na ce ta faɗi sunan garinsu kawai, ta ce ai a soja da sunan garin ake haɗa sunan mutum, rabin suna ke nan. Rubutu kuwa ba ta iya ba, boko ko ajami. Raina ya ɓaci, ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, “Mutumin nan ya rasu tun ba a haifi uwata ba!”

Ta ce, “Miji ne ko ba miji ba ne?”

Haka muka shiga danfo, bas ɗin haya, ranar Asabar ba mu da suna. A Oshodi muka sauya mota, kwandasta yana ta “Mama, rọra”, wato a hankali, yana tallafa mata. Tana ta kallon gari ta taga, ta ce rabonta da Yaba tun babu waɗannan gadoji.

Sashen sojojin ya ba ni mamaki. Ciyawa a gyare, duwatsu farare a jere, shiru kamar ba Legas ba. Mai kula da wurin, wani dattijo Bayarabe, ya fito da littafinsa ya tambayi sunan da Buroka, “Mama, wetin be him name?” Na yi masa bayani da Yarbanci ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce tasa uwar ma har ta mutu ba ta kama sunan ’yan uwan mijinta ba. Ya rufe littafin, ya nuna mana layukan da Musulmi suka fi yawa.

Kakata ta ce, “Ba ka yi boko ba? Karanta. Ni ina da kunne.”

Na fara. Ina gaba ina karantawa da ƙarfi, tana biye da sandarta. Suna da gari, suna da gari, garuruwan Arewa kusan babu wanda ban kira ba. Da farko a fusace nake yi, rana ta taso, gumi yana shiga mini ido, ina waiwayenta bayan kowane dutse ita kuwa fuskarta ba ta nuna komai. A layi na uku fushin ya tafi. Na lura yawancinsu ko shekaruna ba su kai ba, kuma wataƙila tun da aka kafa duwatsun babu wanda ya kira su a fili da lafazin gidansu. Sai na tsinci kaina ina cewa “Allah ya jiƙansa” bayan kowane suna, ita kuma tana amsawa da amin.

Na yi nisa a wani layi sai na ji babu amin. Na waiwaya. Duwatsu biyu a bayana ta tsaya, ta zauna a kan ciyawa, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na koma na tsuguna. Ta sa tafin hannu tana shafa rubutun da ba ta iya karantawa. Ba kuka take yi ba, murmushi ne, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, kuma daɗi ya kama ni har na rasa abin tsokana.

Na ɗaga hannu zan fara addu’a, ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, “Tsaya tukuna, addu’a ba ta guduwa. Na fi shekara hamsin ban ji an kira shi ba. Sake faɗa, mai gida. A hankali.”