Dobko Makahon Keken Coci

Dobko ɗan masu gasa tubali ne. An haife shi a bayan ganuwa, can gangaren kogin Wisla inda ake haƙo jan yumɓu, unguwar da hayaƙi ba ya barin samanta sai in sanyi ya daskarar da ƙasa. Ubansa ya so ya gaje shi, shi kuwa tun yana saurayi hankalinsa na kan inda amalanke ke kai tubalin, ba inda ake gasa shi ba.

A shekarar da gobara ta cinye tsohon cocin katako na Waliyyi Mikolaj tare da rabin kasuwa, dattawan majalisar garinmu suka zauna. Yawancinsu fataken hatsi ne, sun saba zuwa birnin Torun suna ɗaga kai suna kallon cocin mutane har hulunansu su faɗi. Suka ce mu ma ba za a bar mu a baya ba, na jan tubali za a gina, mai dogayen tagogi da hasumiyar da masu jirgin gungume za su hango tun daga kwanar kogi. Aka ɗauko sarkin magina daga arewa, wani gajere mai jan gemu, sunansa Hanusz, wanda harshenmu bai zauna a bakinsa ba sai wajen zagi.

Rana ɗaya aka ɗauki Dobko da Sulek koyon aiki. Sulek ɗan wata gwauruwa ce mai dafa giya a bakin ƙofar gari, dogo, mai giɓi, bakinsa ba ya hutawa. Dobko kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba. Mutane suka yi ta mamakin abin da ya haɗa su, amma tare suka ɗauki kwaɓi a kafaɗa, tare suka sha marin Hanusz, tare ƙungiyar magina ta miƙa musu cokalin gini. Da Dobko ya auri Stachna, 'yar mai tufka igiya, Sulek ne ya yi rawa har ya faɗa cikin kwatami. Da aka haifi Ofka, shi ya riƙe ta a wurin baftisma. Shi bai yi aure ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku nemo mini kurma, ita kaɗai za ta iya da ni."

Bango ya yi ta tashi shekara bayan shekara, ginshiƙai suka miƙe kamar itatuwan daji. Abin da Dobko ke buri bai wuce ɗaya ba: a sa shi cikin waɗanda za su ɗaura bakan gizon rufin, inda siraran layukan tubali ke tasowa daga kan ginshiƙai su haɗu a sama. Ba kowa Hanusz ke bari ya taɓa wannan ba. Da kaka ta zo, sai ya dafa kafaɗar Dobko ya ce, "Sanyi wuce, kai hau sama." Dobko ya koma gida ya faɗa wa Stachna, har ta ce ba ta taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba.

Kafin a rufe aiki saboda sanyi, akan jiƙa farar ƙasa a rami a bar ta ta kwana har bazara. Ɗanyar farar ƙasa in ta ji ruwa tafasa take yi kamar tukunya, kowane magini ya san haka. Ranar, Dobko ya sunkuya a bakin ramin zai zaro fartanyarsa da ta zame. Sulek ya taho da bokiti, kansa bai gama washewa daga giyar jiya ba, ya juya yana yi wa wasu mata masu ɗibar yashi ba'a, ya sheƙa ruwan bai duba ba.

Ihun Dobko har masu kifi a kasuwa sun ji shi.

Stachna ta wanke idanun da madara. Wanzami ya shafa zuma da farin ƙwai, ya ɗaure da ƙyalle. Ta sayi idanu biyu na kakin zuma ta rataye a gaban gunkin Uwa Maryamu, ta yi ta azumi. Da aka kwance ƙyallen, Dobko ya ce, "To, ku kwance mana." Sai Stachna ta sa gefen zanenta a baki don kada ya ji kukanta.

Ƙungiyar magina ta zauna kan Sulek. Aka karɓe cokalinsa, aka ce ba shi ba ɗora tubali a garin nan har abada. Bai yi musu ba. Duk lokacin sanyin nan, kullum da safe Stachna kan tarar da ƙullin itace a ƙofa. Na farko ta yi jifa da shi tsakiyar titi. Da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, Ofka kuma ta fara tari, sai Stachna ta riƙa shigo da shi. Dobko na jin ƙarar itacen a murhu, ya san inda ya fito, bai tambaya ba. Zama yake yi fuskarsa na kallon bango, hannayensa a kan cinya.

Da ƙanƙarar kogi ta narke, Hanusz ya zo gidan da kansa. A can saman ginin, ƙarƙashin katakan rufi, akwai keken ɗaga kaya: ƙaton gargare na katako, mutum biyu ke shiga cikinsa suna takawa, yana juyawa, igiya na naɗewa tana hawo da kwandon tubali. Masu ido ba sa jimawa a ciki, in suka leƙa ta tsakanin katakai suka ga mutane kamar tururuwa sai jiri ya ɗebe su.

"Kai ba gani, ba tsoro," in ji Hanusz.

"Aikin jaki ke nan, Maigida," in ji Dobko.

"Jaki yana ci," in ji Stachna daga bakin murhu. Ba ta taɓa katse shi a gaban baƙo ba sai ranar.

Ita ta riƙe hannunsa suka hau matsattsen matakalar nan mai murɗewa, ta sa shi cikin keken, ta sauka. Ya ji akwai mutum a gefensa. Mutumin bai yi magana ba, amma warin albasa da tsamin giya sun yi.

"Sulek."

"Ni ne."

"Duk garin nan an rasa karen da za a haɗa ni da shi, sai kai?"

"An tambayi karnukan. Sun ce tsayin ya yi musu yawa."

Dobko ya kai naushi inda ya ji muryar. Sulek bai kauce ba, amma hannun ya sami katako, fatar yatsun ta ɗaye. Daga ƙasa Hanusz ya kwarma ihu yana neman tubali, yana haɗawa da uwar kowa. Keken ba ya tafiya sai ƙafafu huɗu sun daidaita. Suka fara takawa.

Bazarar farko ba su yi wata magana ba sai "tsaya" da "taka". Da rana Sulek kan gutsura baƙin burodinsa ya ajiye rabi a kan gwiwar Dobko, Dobko ya ture shi ya faɗa can ƙasa, tattabaru su samu. A bazara ta biyu ya daina turewa. A ta uku zagi ya buɗe tsakaninsu, shi ya zame musu hira.

"Ɗaga ƙafa, ɗan mai giya, ni kaɗai nake jan ka."

"Kai da kake taka ni tun safe? In ba ka gani, ai kana ji."

"Wa ya hana ni gani?"

Nan Sulek kan sunkuyar da kai ya ci gaba da takawa, igiya na kuka. Dobko ya san inda wuƙar take, kuma yakan soka ta duk ranar da abin ya taso masa.

A ƙarƙashin ƙafafunsu aka ɗaura bakan gizon da aka yi wa Dobko alkawari. Wani Jarosz, wanda Dobko ya koya wa riƙon cokali, shi aka ba. Ranar da aka zare katakan da suka tallafe bakan, suka ji sowa ta taso daga ƙasa. Dobko ya ce, "Yaya yake?"

"A karkace, kamar bayan tsohuwa."

"Ƙarya kake."

Sulek ya ja numfashi. "Ƙarya nake. Ya yi kyau, Dobko. Layukan sun haɗu kamar tauraro, wani na riƙe da wani har bangon gabas. In ka tsaya a ƙasa sai ka ce ba nauyi a kansa."

Dobko ya gyaɗa kai. Ruwa na zuba daga idanun nan farare, ya ce hayaƙin masu narka darma ne. Ranar bai zagi kowa ba.

Ofka ta isa aure lokacin da annoba ta biyo jiragen gungume ta shigo garin. Ta fara da unguwar masu kifi, ta haura kasuwa, ba ta bar gidan fatake ba. Aka daina kaɗa ƙararrawa wa matattu don kada masu rai su ƙara firgita. Stachna ta kwanta ranar kasuwa da ƙullutu a hammata. Dobko ya zauna kusa da ita yana shafa fuskarta da tafin hannu, yana jin yadda take ramewa. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne, "Baban Ofka, akwai kabeji a tulun baya, kada ku bari ya lalace."

Masu haƙa kabari sun mutu ko sun gudu, gawa a rami ɗaya ake zubawa. Sulek ya ce ba za a zuba Stachna kamar shara ba. Ya ɗauki shebur ya haƙa mata nata a gefen bangon arewa, ya saɓo ta a kafaɗa, Dobko na riƙe da gefen rigarsa, Ofka na biye.

Hanusz ma annobar ta tafi da shi. Rabin dattawan majalisa suka bi, waɗanda suka rage ba su da zuciyar gini. Hasumiyar ta ɗan wuce rufi kaɗan, aka lulluɓe kanta da katako, aka ce na ɗan lokaci ne. Magina suka watse.

Wani mai tuƙa jirgin gungume, Radko, ya nemi Ofka, aka ba shi. A Gdansk zai zauna, bakin teku, inda ɗan'uwansa ke aiki a rumbunan hatsi. Ofka ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, ka zo mu tafi. Akwai ɗaki, Radko ya yarda."

"Ƙafata ta san kowane dutse a garin nan. Can kuwa sai dai a ja ni kamar akuya."

"Ni zan ja ka. Wa kake da shi a nan?"

Daga tsakar gida aka ji tarin Sulek, irin tarin da ƙurar farar ƙasa ke bar wa mutum, mai fita da jini.

"In na tafi, wa zai zagi wancan la'anannen?" in ji Dobko.

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce ya zaɓi wanda ya makantar da shi a kan 'yar cikinsa. Bai ce mata a'a ba. Ya raka ta har bakin ruwa, ya sa mata albarka, ya tsaya yana sauraron muryoyin matuƙa har suka ɓace. Sau ɗaya ta aiko da 'yar gangar kifi mai gishiri da saƙon cewa ta haifi namiji. Bayan wannan ba a sake jin ta ba.

Tsofaffin biyu suka tare a ɗaki guda bayan gidan masu igiya. Dobko na tufka, Sulek na share dandalin kasuwa a ba shi ragowar kaya. Ran Lahadi sukan zauna a bayan coci kusa da ƙofa, wurin talakawa, iska na shigowa ta tagogin da ba a sa wa gilashi ba. Faɗa kuwa kullum, kan bargo, kan gishiri, kan wa ya fi minshari.

Da Sulek ya kwanta ciwon ajali, Dobko ne ke lalubo bakinsa da cokali. Wata safiya Sulek ya riƙe wuyan hannunsa.

"Dobko. Fada ya zo jiya, ya ce Allah ya yafe mini."

"To, madalla."

"Kai fa?"

Dobko ya juya cokali cikin kwanon romo. Ya so ya ce e. Kalmar ta zo har maƙogwaro, sai ya tuna bai taɓa ganin fuskar Ofka tana budurwa ba, a ransa har yanzu yarinya ce mai giɓin haƙoran madara.

"Ban yafe ba," ya ce. "Buɗe baki ka sha."

Sulek ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Da ka ce e, da na san ƙarya kake." Ya buɗe baki ya sha. Kafin azahar ya cika, hannunsa cikin na Dobko.

Daga nan aka kai Dobko gidan gajiyayyu na bakin gada, inda ake ba da faten wake sau biyu a yini. Ya ƙara wasu shekaru a can. Tsofaffin da ke ɗaki ɗaya da shi sun ce ba a jin bakinsa, in an gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Yara da aka haifa bayan annoba ba su san ya taɓa riƙe cokalin gini ba, Makahon Gada suke ce masa.

Ya rasu a ƙarshen sanyi, ƙanƙarar Wisla na fashewa. Fada ya daɗe a kansa yana sauraron furcinsa na ƙarshe, ya fito bai gaya wa kowa komai ba, kamar yadda aikinsa yake. Ƙasa ba ta gama sakin jiki daga sanyi ba, don haka kabarin bai yi zurfi ba. Da jiragen farko suka tashi, aka ba wani matuƙi saƙo ya nemi Ofka matar Radko a Gdansk ya gaya mata. Da ya dawo lokacin kaka ya ce ya tambaya a rumbunan hatsi, ba wanda ya san sunan.